Ƙurajen leɓe sun dawo karo na shida: ƙarancin bitamin D ne ke tayar da su?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo shi nan. Ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a bakin leɓe, waɗanda muke cewa zazzaɓi ya fita, tun ina yarinya nake yin su, amma a da sai in shekara biyu ban gan su ba. Bana kuwa daga azumi zuwa yau sau shida ke nan. Kullum wuri ɗaya, leɓen sama ta hagu. Da dare zan ji wajen yana ƙaiƙayi da zugi kamar an ɗiga barkono, gari na wayewa sun tsiro, bayan kwana biyu su fashe su yi ɓawo, in na buɗe baki da yawa ɓawon ya tsage ya yi jini. Sai an kwana goma kafin su tafi.

Watan jiya na je asibiti saboda ciwon ƙashi da kasala. Likita ta sa aka yi mini awon bitamin D, ya fito 13, ta ce bai kamata ya yi ƙasa da 20 ba. Ta rubuta mini ƙwaya mai yunit 50,000, sau ɗaya a mako, har mako takwas. Ni ɗinki nake yi a gida, daga safe zuwa la'asar ina ɗaki a kan keke, in zan fita kuma da hijabi har ƙasa da safa. To shin ƙarancin nan ne yake tayar mini da ƙurajen? In na gama maganin za su daina? Ina mako na uku da fara sha, ga shi jiya sun sake fitowa, kuma ranar Alhamis sunan ɗan ƙanwata.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Wannan ai zazzaɓi ne da ya kwanta a jiki yake neman hanyar fita. Mu da muka taso in ya fito a baki murna ake yi, an san ya bar jiki. Ki sha maganin maleriya, ki riƙa shafa man kaɗanya kada wajen ya bushe.

Ummu Sumayya:
Maman Hanif, kamar labarina kike bayarwa wallahi. Shekarata ta biyu a Manchester, duk hunturu sai sun fito mini sau uku ko huɗu. Da aka auna ni aka ce bitamin D ɗina ya yi ƙasa ƙwarai. A nan Ingila hukumar lafiya tana ba kowa shawarar ya riƙa shan maikirogiram 10 a kullum, wato yunit 400, daga Oktoba zuwa Maris, mu masu baƙar fata kuma aka ce gara mu sha duk shekara. Tun da na riƙe shi, yau shekara biyu, sau ɗaya tak suka fito. Ki yi haƙuri ki gama maganin, mako uku bai isa ki ga canji ba. Ni na gamsu shi ne.

Baban Walid:
Ku yi mini afuwa in shigo cikin maganar mata. Ni magini ne, daga bakwai na safe har biyar ina kan gini rana na dukana. In dai rana ce ke ba da bitamin ɗin nan, to ni har na sayarwa ina da shi. Amma ƙurajen nan sun fi fito mini a watan Maris da Afrilu, ranar da muka yi zubin dakin muka wuni babu inuwa. Bayan kwana biyu sai ka gan su. Ke rashin rana ya kawo miki, ni yawan rana ya kawo mini? Wani ya warware mini wannan.

Abu Fatima:
Ni tambayata daban ce. Na ji an ce ƙurajen nan dangin ciwon sanyi ne da ake ɗauka ta hanyar kwanciya. Gaskiya ne? Don wani abokina ya kusa fasa aure a kan haka.

Malam Famasis:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma kowa da gaskiyarsa a wani ɓangare. Bari in fara da asalin abin, don in aka gane shi sauran tambayoyin za su zo da sauƙi.

Abin da ke haddasa ƙurajen ƙwayar bairos ce da ake kira hafis nau'i na ɗaya. Yawancinmu tun muna yara muka ɗauke ta, ta sumbar da manya ke yi wa yaro, ko kofi da cokali ɗaya, ko yawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 mutum biliyan 3.7 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita, wato biyu cikin kowane uku, kuma a Afirka abin ya fi haka yawa. Da yawa ba su taɓa ganin ƙurji ko ɗaya ba, alhali tana jikinsu. In ta shiga ba ta fita. Takan bi jijiyar da ke kawo ji ga fuska ta je ta laɓe a wani ƙulli na jijiyar can cikin ƙoƙon kai, ta yi lamo. Ranar da wani abu ya taɓa garkuwar jiki ko ya wahalar da fatar leɓe, sai ta biyo jijiyar nan ta sauko. Shi ya sa, Maman Hanif, kullum wuri ɗaya kike ganin su. Hanya ɗaya take bi.

Abubuwan da aka tabbatar suna tashin ta: zazzaɓi kowane iri, mura, zafin rana a kan leɓe, damuwa da rashin barci, jinin al'ada ga wasu mata, tsagewar leɓe, cirar haƙori, da duk ciwon da ke raunana garkuwa.

Hajiya, ranki ya daɗe, abin da kuka lura da shi daidai ne, bayan zazzaɓin maleriya suna yawan fitowa. Gyaran da zan yi kaɗan ne. Zazzaɓin ne ya tashi ƙwayar da ke kwance, fitowarsu ba ta nuna maleriyar ta bar jiki. Mutum na iya samun ƙurajen maleriya na nan daram a jininsa, wani kuma ya same su ba shi da maleriya ko kaɗan. Don haka a yi gwaji kafin a sha magani.

Abu Fatima, ka gaya wa abokinka ya kwantar da hankalinsa. Akwai nau'i na biyu na ƙwayar wanda ya fi kama al'aura, amma na leɓe kusan ko da yaushe nau'i na ɗaya ne, kuma ko yaro ɗan shekara huɗu yana yin sa. Ba shaidar komai ba ne a kan tarbiyyar mutum. Abin da ya kamata ma'aurata su sani shi ne yana yaɗuwa daga baki zuwa duk inda bakin ya taɓa, don haka a ƙaurace har ya warke.

Ummu Sumayya:
Malam, ba ka taɓo maganar bitamin D ba.

Malam Famasis:
Ina zuwa, Hajiya, ita ce mai tsawo.

Bitamin D yana da hannu a aikin garkuwar jiki, wannan babu jayayya. Ƙwayoyin garkuwa suna da wajen karɓarsa, kuma yana sa jiki ya ƙera wani sinadari mai suna katelisidin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Don haka tunanin cewa ƙarancinsa zai iya ba hafis dama ba shirme ba ne. Akwai ma wani ƙaramin bincike da aka buga daga Turkiyya a 2019 wanda ya samu cewa masu yawan ƙurajen leɓe bitamin D ɗinsu ya fi na sauran mutane ƙasa.

Amma samun abu biyu tare a jikin mutum bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Ku dubi Maman Hanif. Wadda ke wuni a kan keke, musamman gab da salla da lokacin bukukuwa, ba ta shiga rana, wannan ya saukar mata da bitamin. Ita ce kuma ba ta samun barci, tana fama da masu kaya suna waya, ga yara, ga ciwon baya. Wannan kuma ya isa ya tashi ƙurajen ko da bitamin ɗinta ya cika. Rayuwa ɗaya ce ta haifi abu biyun. Kafin a ce bitamin D na hana su, sai an raba mutane masu yawa gida biyu, a ba wasu bitamin a ba wasu ƙwaya marar komai, a ƙirga. Ba a kai ga nuna hakan ba a kan ƙurajen leɓe, shi ya sa ba ya cikin magungunan da ake rubutawa dominsu.

Mun taɓa ganin irin wannan. An daɗe ana ganin masu ƙarancin bitamin D sun fi kamuwa da ciwon daji da ciwon zuciya. Sai aka yi babban gwaji a Amurka da mutum sama da 25,000, rabi suna shan yunit 2,000 a kullum na kimanin shekara biyar. Da sakamako ya fito a 2018, bai rage kamuwa da ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ummu Sumayya:
Na ji, amma ni ba a takarda na karanta ba, a jikina na gani. Daga sau huɗu a hunturu zuwa sau ɗaya a shekara biyu. Me za ka kira wannan?

Malam Famasis:
Zan kira shi alheri, kuma ki ci gaba da sha, don a inda kike kina buƙatarsa. Tambaya ɗaya zan yi miki. Shekararki ta biyu a can, lokacin da suke yawan fitowa, yaya rayuwa take?

Ummu Sumayya:
Gaskiya lokacin ina karatu, ga goyo, ga kewar gida, mura kuwa ba ta barina. Na yarda wannan ma yana ciki. Sai dai ban sauka daga ra'ayina ba. Murar ma ai ta ragu bayan na fara sha, in kuwa mura ce ke tashin ƙurajen, ka ga bitamin ɗin ya taimaka ko da ta bayan gida ne.

Malam Famasis:
Wannan hujja ce mai kyau, ban ƙi ta ba. Abin da nake gudu kawai kada Maman Hanif ta jingina duk fatanta a kan ƙwayar bitamin ɗin nan, in suka sake fitowa ta ce magani bai yi ba ta watsar, alhali ƙashinta na buƙatarsa.

Baban Walid:
Malam, ni fa har yanzu ina kan gini ina jira.

Malam Famasis:
Yi haƙuri Baban Walid. Naka ya fi na kowa sauƙin bayani. Hasken ranar da ke sa fata ta ƙera bitamin D, shi ne kuma in ya yi yawa a kan leɓe yake danne garkuwar wajen na ɗan lokaci, ƙwayar ta samu hanya. An gwada wannan tun 1991: aka haska wa masu yawan ƙurajen irin wannan haske a leɓe, waɗanda aka shafa wa man kariya daga rana babu wanda ya yi ƙurji, waɗanda aka shafa wa man da ba komai a ciki kuwa kusan bakwai cikin goma suka yi. Ka nemi malfa mai faɗi, ka nemi man leɓe mai kariyar rana ka riƙa shafawa kafin ka hau gini da bayan ka yi alwala. Alhazai ma su kula da wannan, wunin Arfa da jifa a rana na tashin su.

Ga Maman Hanif kuma ba saɓani a ciki. Hannu da ƙafa za ta ba rana, ta kare leɓe.

'Yar Maraɗi:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, a ce a ƙasashenmu da rana ke gasa mutum akwai mai ƙarancin bitamin na rana. A nan Maraɗi ko inuwa ka shiga tana biyo ka.

Sista Ungozoma:
'Yar'uwa, akwai shi sosai, muna ganinsa wajen masu ciki. An tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka aka buga a 2020, aka samu kusan mutum ɗaya cikin uku yana ƙasa da ma'aunin 20 ɗin nan, kuma mata da jarirai da mazauna birni sun fi shiga ciki. Rana tana waje, mu muna ciki. Gidajen da ke da tsakar gida a buɗe, mace na daka tana shanya tana wanki, ba ta rasa rana. Yanzu an rufe tsakar gida da kwano, ko ana zaune a bene, daga ɗaki sai mota ko adaidaita. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya ƙera bitamin D. Baƙar fata kuma ta fi farar fata buƙatar daɗewa a rana kafin ta ƙera daidai gwargwado. Ba sai an taɓa hijabi ba. A cikin gida, in hantsi ya ɗaga sosai, mace ta zauna inda ba mai ganinta ta buɗe damatsa da ƙwauri na ɗan lokaci, sau da dama a mako. A abinci kuma kifi mai maiƙo irin titus da kifin gwangwani, gwaiduwar ƙwai, da hanta, sai dai abinci kaɗai ba ya cike gurbin da ya yi zurfi irin 13.

Kuma kada komai a ɗora wa bitamin D. A Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi bincike a kan yara masu laushin ƙashi da gwamewar ƙafa, aka buga a 1999. Kowa ya zaci bitamin D ne, sai ga shi waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Abincin yaran ne ba shi da isasshen kalsiyam.

Amma ba wannan ya sa na shigo ba. Maman Hanif, na ga kin ce ranar Alhamis suna. Don Allah ki saurare ni da kyau. Ƙwayar nan da take ba ki kunya da zugi na kwana goma, a jikin jariri ɗan kwana bakwai tana iya shiga jini da ƙwaƙwalwa, tana iya kisa. Makonnin farko na rayuwa su ne mafi haɗari. Ki je sunan, amma kada ki sumbace shi ko a goshi ko a hannu, ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauke shi, in da hali ki sa takunkumi. In a gidanku ana tauna dabino a sa wa jariri a baki, ko ana yi masa addu'a da tofi, a bar wa wanda bakinsa lafiya lau, mai ƙurji ko mai jin alamun fitowarsa ya yi addu'arsa daga nesa. Ki gaya wa mai jego, in ta ga jariri ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi laushi yana ta barci, ko ƙuraje masu ruwa sun fito masa, asibiti a ranar, ba jiran gobe.

Maman Hanif:
Innalillahi. Sista, wallahi ban taɓa sanin haka ba. Ni ce babbar yayarta, ni aka saba ba jariri in fara ɗauka. Allah ya saka da alheri.

Hajiya Babba:
Wannan magana ta shige ni. Jikoki nawa na tauna wa abinci na ba su a baki. Allah ya kiyaye na gaba. Zan faɗa a gidan sunan da za mu je jibi.

Ɗan Kasuwa:
Ni shawarata ki ƙara yawan bitamin ɗin. Akwai wanda na sani yana shan 50,000 kullum, ya ce tun daga nan ko mura bai sake yi ba. Sau ɗaya a mako ya yi kaɗan, shi ya sa suka dawo.

Malam Famasis:
A'a, don Allah kada wanda ya bi wannan. Bitamin D ba irin bitamin C ba ne da rarar ke fita a fitsari. A kitse yake taruwa. In ya yi yawa yana ɗaga kalsiyam a jini, ya kawo amai, ƙishirwa, yawan fitsari, ruɗewa, tsakuwar ƙoda, har lalacewar ƙodar. Iyakar da aka sa wa babba ya sha a kullum ba tare da kulawar likita ba yunit 4,000 ce. 50,000 kullum ya ninka ta fiye da sau goma sha biyu. Ɗan Kasuwa, ka ce wa mutumin nan ya daina ya je a auna shi.

Maman Hanif, ga abin da zai yi miki aiki a kan ƙurajen kansu. Maganinsu asaikulobiya, wanda aka fi sani da Zovirax. Akwai na shafawa, sau biyar a rana na kwana biyar, amma amfaninsa yana ga fara shi tun a daren da kika ji ƙaiƙayin nan, kafin su tsiro. In sun riga sun fashe, abin da zai rage kaɗan ne. Don haka ki ajiye shi a gida tun kafin buƙata. Tun da kuma sun kai sau shida a shekara, ki koma wa likitarki ki faɗa mata adadin. Mai yawan haka ana iya ba shi na sha ya ajiye ya fara da alamar farko, ko a ɗora shi a kan ƙaramin awo kullum na wasu watanni. Za ta kuma so ta duba ko akwai abin da ke raunana garkuwa, kamar suga, ƙarancin jini, ko cuta mai karya garkuwar jiki. Wannan gwaji ne da ake yi wa kowa, kada ki ji wani abu.

Abin da za ki guje wa: fasa kafso na kashe ƙwayoyin cuta a barbaɗa, ba ya taɓa bairos. Man goge baki da gishiri suna ƙona wajen ne kawai. Mayukan nan masu haɗin uku da ake shafa wa kowane ƙurji suna da sinadarin da ke danne garkuwar fata. Kada ki ɓanɓare ɓawon. In kin taɓa wajen kada hannun ya je ido kafin ki wanke, don in ta shiga ido tana iya lalata gani. Kwalli, tawul, kofi da jan baki kowa ya riƙe nasa. Man kaɗanyar Hajiya kuwa ki shafa, yana hana ɓawon tsagewa, sai dai ki ɗiba da auduga, kada ki mayar da yatsa cikin kwalba.

'Yar Maraɗi:
Zuma fa? Mu ita muke sawa. Kuma ni nawa a cikin baki suke fitowa, farare, masu zafi in na ci yaji.

Malam Famasis:
An gwada wata zuma ta musamman a New Zealand da mutum sama da 900, aka buga a 2019, kwanakin warkewa suka zo kusan ɗaya da na man asaikulobiya. Ga babba ba laifi in mai tsabta ce, jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya dai ba a ba shi zuma. Naki kuwa da alama wani abu ne daban. Gyambon cikin baki, fari mai jan gefe, a bayan leɓe ko gefen harshe, ba hafis ba ne kuma ba a ɗaukarsa. In yana yawan dawowa akan duba ƙarancin sinadarin ƙarfe, bitamin B12 da folik asid. Haka ma tsagewar kusurwar baki. Ki je a duba jininki.

Maman Hanif:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan wata uku, don na yi alkawari a raina. Sunan nan na je da takunkumi, ban ɗauki yaron ba sai da na warke. Wasu dangi sun yi ta tambaya ko faɗa muka yi da ƙanwata, na yi musu bayanin Sista, gwaggonmu ma ta ce ita ma tana yin su ba ta taɓa kawo komai a ranta ba. Yaro yana nan lafiya, har ya fara dariya.

Na gama mako takwas, an sake awo ya fito 31. Ciwon ƙashi da kasalar sun tafi, wannan kam babu shakka. Likita ta mayar da ni kan yunit 1,000 a kullum, sauran gwaje-gwajen duk lafiya sai ɗan ƙarancin jini da take ba ni magani a kai. Na fito da keken ɗinkin baranda, kuma na daina karɓar ɗinkin da zai sa ni kwana a zaune. Ƙurajen sun fito sau ɗaya a wata ukun nan, bayan wata maleriya da ta kwantar da ni kwana uku. Na shafa man tun daren da na ji ƙaiƙayi, ba su yi girman da suka saba ba, cikin mako guda wajen ya goge.

Ummu Sumayya:
Alhamdulillah. Daga shida zuwa ɗaya. Malam Famasis, ka gani ko?

Malam Famasis:
Na gani Hajiya, na kuma ga ta canza barci, ta gyara jini, ta rage aiki, duk a lokaci guda. Maman Hanif, ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da suka fito da abin da ya faru a kwana ukun da suka gabata. Hunturu na tafe, ki riƙe man leɓe sosai saboda tsagewa.

Baban Walid:
Ni ma na sayi malfa. Man leɓe mai kariyar ranar ne na zaga kemis uku a unguwarmu ban samu ba. Wanda ya san inda ake samunsa a Kano ya taimaka mini kafin zafi ya shigo.